Daga Lakar Teku Zuwa Gonakin Funtuwa: Inda Ake Neman Magungunan Gobe

A duk damina, da zarar masara ta kai gwiwa, shagunan sayar da maganin feshi a Funtuwa da Malumfashi da Bakori kan cika da manoma masu neman abu ɗaya, wato maganin tsutsar nan da ke shiga zuciyar masara ta cinye ta. Tun shekarar 2016 da aka fara ganin wannan tsutsa a Najeriya, bayan ta tsallako daga nahiyar Amurka, sayen maganinta ya shiga lissafin noma kamar yadda taki da iri suka shiga. Cikin magungunan da ake amfani da su a kanta akwai masu ɗauke da sinadarin emamektin. Masu noman tumatir na yankin Ɗanja kuwa sun san ɗan'uwansa abamektin, wanda ke cikin magungunan da ake fesa wa tsutsar da manoma ke kira Sharon.

Makiyayin da ke sayen allurar aibamektin don kashe tsutsar ciki da kaska a jikin shanunsa, shi ma daga gida ɗaya maganinsa ya fito. Dukkan ukun sun samo asali ne daga wata ƙwayar bakteriya da aka samu cikin 'yar ƙasar da aka ɗebo a gefen wani filin wasan golf a Japan, sama da shekara 50 da suka wuce.

Haka labarin yake ga yawancin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ke kan kantar kemis. Wani ne ya ɗebi ƙasa a wani wuri, ya kai ɗakin gwaje-gwaje, aka tace abin da ƙananan halittun cikinta ke fitarwa. Yanzu da waɗannan magunguna suka fara rasa ƙarfi, masana sun koma tonon lakar ƙarƙashin teku suna neman sabbi. Kudancin Katsina na da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, amma wannan nema ya shafi manomin yankin ta fuska biyu: shi ne mai sayen maganin, kuma ƙasar da yake takawa tana cikin irin wuraren da ilimin ya nuna cewa sun cancanci a duba.

Masu ƙamshin ruwan farko

Kowa ya san ƙamshin da ƙasa ke fitarwa idan ruwan farko ya sauka bayan doguwar rani. Babban abin da ke kawo wannan ƙamshi wani sinadari ne mai suna jiyosmin, kuma masu fitar da shi wasu bakteriya ne da ake kira Streptomyces. Ido ba ya ganin su, amma suna tsiro kamar zare a tsakanin ƙwayoyin ƙasa, suna cin ruɓaɓɓen kara da ganye da kashin dabbobi. Idan rani ya yi tsanani sai su koma kamar ƙura su kwanta, su jira danshi.

An kiyasta cewa ƙaramin cokali ɗaya na ƙasa mai kyau na iya ɗaukar bakteriya daga miliyan 100 zuwa biliyan ɗaya. Wuri ya yi kaɗan, abinci ma haka, don haka rayuwa a can gwagwarmaya ce. Tun da Streptomyces ba su iya gudu, sai suka dogara da haɗa guba iri-iri da ke hana maƙwabtansu girma ko ta kashe su. Wannan gubar ce ɗan Adam ya gano, ya tace, ya auna, ya mayar da ita magani. Kusan kashi biyu cikin uku na magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka samo daga halittu sun fito ne daga Streptomyces da danginsu.

Abin da cokalin ƙasa ya haifar

A shekarar 1943 wani ɗalibi mai suna Albert Schatz, yana aiki ƙarƙashin Farfesa Selman Waksman a Jami'ar Rutgers ta Amurka, ya samo sitireftomaisin, magani na farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Daga nan kamfanoni suka bazama. Suka riƙa roƙon matafiya da matuƙa jirgin sama da 'yan mishan su aiko musu da ƙasa daga duk inda suka je.

Ƙasar Benezuwela ta ba da kuloramfenikol a 1947, wanda aka daɗe ana yaƙar taifot da sanƙarau da shi a wannan yanki namu. Ƙasar wata gonar gwaji a jihar Mizuri ta Amurka ta ba da na farko a dangin tetirasaikilin, sannan Terramycin ya biyo baya a 1950, kuma har yau masu kiwon kaji da shanu na amfani da irinsa. Ƙasar wani dajin kudancin Faransa ta ba da rifamaisin a 1957, wanda daga gare shi aka samar da rifamfisin, ginshiƙin maganin tarin fuka da ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati. Shi kansa Augmentin, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabi bayan kamfanin GSK ya sanar da sauya tsarin kasuwancinsa a Najeriya a watan Agustan 2023, ɗaya daga cikin sinadarai biyun da ke cikinsa daga wani nau'in Streptomyces ake samun sa.

Labarin aibamektin ya fi kusa da mu. Satoshi Omura na Cibiyar Kitasato da ke Tokiyo ya kasance yana yawo da 'yan ledoji yana ɗibar ƙasa. Daga cikin bakteriyar da ya raino ya aika wa kamfanin Merck na Amurka, akwai wadda aka samo a Kawana. William Campbell da abokan aikinsa suka gano cewa abin da take fitarwa yana kashe tsutsotsi a jikin dabba. A 1981 maganin ya shiga kasuwa don dabbobi. A 1987 aka amince da shi ga mutane da sunan Mectizan, kamfanin kuma ya yi alƙawarin bayar da shi kyauta don yaƙar cutar makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa. Ana kuma amfani da shi wajen yaƙar tundurmi. Omura da Campbell sun sami lambar yabo ta Nobel a 2015. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Jamhuriyar Nijar ta kawar da wannan makanta, ƙasa ta farko a Afirka da ta kai ga haka, bayan shekaru na feshin ƙudan da rabon wannan magani.

Da rijiya ta fara ƙafewa

Daga shekarun 1940 zuwa 1960 aka samo yawancin dangin magungunan da ake amfani da su yau. Bayan nan sai samu ya ragu. Duk ƙasar da aka ɗebo, aka raini abin da ke ciki, sai a tarar abin da aka riga aka sani ne ya sake fitowa. Kamfanoni da yawa suka ga kuɗi na tafiya ba riba, suka rufe sassan da ke wannan aiki.

Su kuwa ƙwayoyin cuta ba su tsaya ba. Duk lokacin da aka sha magani ba a kan ƙa'ida ba, raunanan cikinsu ne ke mutuwa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, har su raba wa wasu dabarar da suka tsira da ita. A haka magani ke zama kamar ruwa. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya kiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai-tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani. Adadin ya wuce na waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kashe a shekarar, ya kuma wuce na ƙanjamau. Binciken ya nuna cewa idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asarar rayuka.

A aikace, abin da wannan ke nufi shi ne jariri ya kamu da cutar jini a makon haihuwa, a yi masa allurar da aka saba ta ƙi aiki. Ko rauni ya ƙi warkewa bayan tiyata. Ko a sayar da buhun masara don sayen magani na biyu da na uku bayan na farko ya gaza. A gona ma haka ne, domin tsutsar da ake fesa wa magani iri ɗaya shekara da shekaru tana iya sabawa da shi.

Abin da aka tarar a ƙarƙashin teku

Ruwan teku ya rufe kusan kashi 70 cikin 100 na doron duniya, kuma ƙarƙashinsa laka ce da ta daɗe tana taruwa. An daɗe ana zaton cewa dangin Streptomyces da ake samu a wannan laka ruwan sama ne kawai ya wanko su daga tudu. Wasu masana biyu na Cibiyar Nazarin Teku ta Scripps da ke Kaliforniya, William Fenical da Paul Jensen, suka nuna cewa ba haka abin yake ba. A wani aiki da suka wallafa a 1991 kan lakar tsibiran Bahamas, sun sami wasu bakteriya da ba sa tsiro sai an sa musu ruwan teku. Daga baya aka tabbatar da cewa sabon dangi ne da ke yaɗuwa a tekunan wurare masu zafi, aka raɗa masa suna Salinispora a 2005.

Hikimar ita ce, halittar da ta rayu cikin gishiri da duhu da nauyin ruwa, tana fama da abokan gaba na daban, dole makamanta su bambanta. Hakan kuwa aka gani. A 2003 suka sanar da wani sinadari daga Salinispora, wanda daga baya aka sa wa suna marizomib. Kowace ƙwayar halittar jikin mutum tana da wani abu kamar injin niƙa da ke markaɗe sinadaran da suka gama aiki. Ƙwayoyin sankara sun fi dogara da wannan inji saboda saurin girmansu, marizomib kuwa toshe shi yake yi, shara ta taru ta kashe su. Da aka karanta dukkan ƙwayoyin gadon wannan bakteriya a 2007, an ga cewa kusan kashi 10 cikin 100 nasu na haɗa irin waɗannan sinadarai ne.

Wasu ma sun samu. A 2004 masana a Jamus suka sanar da abisomaisin, daga lakar Tekun Japan a zurfin mita 289, wanda a ɗakin gwaji ya kashe wata bakteriya mai addabar asibitoci da ta bijire wa magunguna da dama. A 2013 aka sanar da antirasimaisin daga lakar gaɓar Kaliforniya, mai ƙarfi a kan ƙwayar cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa. Har daga ramin Mariyana da ke Tekun Fasifik, wuri mafi zurfi a duniya, wata na'urar Japan ta ɗebo laka a zurfin mita 10,898, aka kuma sami sabbin sinadarai a bakteriyar cikinta.

Ruwan teku ya riga ya ba mu magani ɗaya da kowane ma'aikacin lafiya a Katsina ya sani. A 1945 wani likitan Italiya, Giuseppe Brotzu, ya ɗebi ruwa a inda magudanar ƙazantar birnin Kaliyari ke zuba cikin teku, ya sami wata fumfuna da ke hana ƙwayar taifot girma. Daga gare ta dangin sefalosforin suka fito, ciki har da allurar seftiriyazon da ake yi wa masu sanƙarau.

Samu daban, magani daban

Sai dai sai an gwada akan san na ƙwarai. Marizomib yana iya ratsawa ya shiga ƙwaƙwalwa, abin da magunguna da yawa ba sa iyawa, don haka aka sa rai zai taimaki masu wata muguwar sankarar ƙwaƙwalwa. Aka yi babban gwaji da majinyata sama da 700 a Turai da Arewacin Amurka. Sakamakon ya nuna cewa bai ƙara musu tsawon rai ba, illolinsa kuma sun fi yawa. Kusan shekara 20 ke nan tsakanin sanar da sinadarin da samun wannan amsa. Abisomaisin da antirasimaisin ma ba su kai ga kantar kemis ba.

Haka aikin yake. Cikin dubban sinadaran da ke kashe ƙwayar cuta a faranti, yawanci suna cutar da mutum, ko jiki ya narkar da su kafin su yi aiki, ko samar da su da yawa ya gagara. Wanda ya tsallake kuma yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15 da maƙudan kuɗi.

Akwai kuma matsalar kasuwa. Sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta ɓoye shi likitoci ke yi, ba a fito da shi sai tura ta kai bango, don kada ƙwayoyin su saba da shi. Hakan daidai ne ga lafiyar jama'a, amma yana nufin ciniki kaɗan. Kamfanin Achaogen na Amurka ya sami izinin sayar da sabon maganinsa a 2018, ya durƙushe a 2019. Shi ya sa a yau jami'o'i da ƙananan cibiyoyi ne ke ɗauke da yawancin nauyin neman, kuma wannan ne ya buɗe wa ƙasashe irin namu ƙofa.

Mu da teku ke nesa da mu

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, da dazukan bakin teku mafi faɗi a Afirka a yankin Neja Delta. Tana da cibiyar nazarin teku a Legas tun 1975, da ma'aikatar harkokin teku da aka kafa a 2023. Masu bincike a Jami'ar Legas sun wallafa ayyuka kan Streptomyces na lakar tafkin birnin. Maƙwabciyarmu Ghana ta ɗan yi gaba: haɗin gwiwar Jami'ar Ghana da Jami'ar Aberdeen ta Birtaniya ya fito da sabbin sinadarai, har aka sa wa wasu sunan wuraren da aka samo su, butiremaisin daga lakar kogin Butre, legonmaisin daga ƙasar Legon.

Babban darasin da teku ya koyar shi ne cewa sabon abu yana inda ba a duba ba, musamman inda rayuwa ke da wuya. Da masana suka fahimci haka sai suka nufi hamada. A hamadar Atakama ta ƙasar Chile an sami sabbin nau'o'in Streptomyces da sabbin sinadarai. A Aljeriya an bayyana wani sabon nau'in bakteriya mai fitar da magani daga ƙasar Sahara a 2004. A 2015 kuma wasu masana a Amurka suka nuna cewa ko ƙasar fili ta yau da kullum ba ta ƙare ba. Kashi ɗaya cikin 100 ne kawai na bakteriyar ƙasa ke yarda ya tsiro a faranti, sai suka ƙera wata 'yar na'ura da ake mayarwa cikin ƙasar, bakteriyar ta girma a gidanta. Da haka suka samo teksobaktin.

Idan aka auna kudancin Katsina da wannan ma'auni, za a ga wuraren dubawa. Akwai lakar madatsun ruwa irin na Mairuwa da Gwaigwaye da na Malumfashi, wadda ke nutsewa da damina ta tsage da rani. Akwai baƙar ƙasar fadama. Akwai suri, inda gara ke zaune da ƙananan halittu iri-iri. Akwai ƙasar da ke manne da saiwar dawa da auduga da waken suya, da tsofaffin jujin gari, da ramukan da ke kan duwatsu inda ruwa ke kwanciya. Halittar da ke jure wata shida ko bakwai ba ruwa, da sanyin hunturu, da zafin bazara, ita ma a wahala take rayuwa.

An kuma riga an ga abin da ƙananan halittun ƙasar Najeriya za su iya. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, tare da abokan aikinta, ta tattara nau'o'in fumfunar da ke kama masara da gyaɗa daga gonakin ƙasar nan, ta zaɓi huɗu da ba sa fitar da gubar afulatoksin mai lalata hanta. Daga gare su aka haɗa Aflasafe, wanda ake watsawa a gona kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin amfanin ya yi fure, sai marasa gubar su mamaye wurin su hana masu gubar sakat. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Shi ma irin wake na SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Noma ta Samaru ta fitar a 2019, da irin audugar da aka amince da shi a 2018, kariyarsu daga tsutsa daga wata bakteriyar ƙasa aka aro ta, duk da muhawarar da ake yi a kan irin waɗannan iri.

Bincike ba baƙon abu ba ne a yankin. A shekarun 1970 Malumfashi ta kasance cibiyar wani babban aikin nazarin cututtuka na haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Cututtukan Wurare Masu Zafi ta Liverpool, inda aka yi aiki kan tsargiya da saran maciji da wasu cututtuka. A 1975 Funtuwa ta zama ɗaya daga cikin wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe, da aka fara shirin bunƙasa noma na Bankin Duniya, shirin da ya taimaka wajen mayar da masara babban amfanin gonar yankin. A yau akwai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da tsangayarta ta haɗa magunguna, da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina.

Matakin farko na aikin ba ya buƙatar jirgin ruwa. Ana ɗibar ƙasa, a shanya ta, a dama da ruwa, a shafa a faranti mai abincin bakteriya. Bayan kwanaki ko makonni sai a ga wasu ɗigo-ɗigo kamar alli sun fito. A ɗauki kowanne a ajiye kusa da ƙwayar cuta. Idan aka ga fili ya buɗe a kewayensa, to yana fitar da wani abu mai kisa. Ɗalibai na yin wannan a jami'o'in ƙasar nan. Wahalar tana gaba: tace sinadarin, gano siffarsa da manyan na'urori, tabbatar da cewa sabo ne, da adana bakteriyar a firji mai tsananin sanyi wanda wuta ba ta ɗaukewa. Firji ɗaya ya mutu, aikin shekaru ya tafi. Ga kuma rashin tsaro da ya sa shiga wasu dazukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara ya zama kasada ga manomi, balle mai bincike.

Wani ɓangaren kuwa ya yi sauƙi. Na'urar karanta ƙwayoyin gado ta koma kamar girman wayar hannu, an kuma yi amfani da irinta a Najeriya lokacin ɓarkewar zazzaɓin Lassa a 2018. Da ita ana iya duba bakteriya a ga ko tana da umarnin haɗa wani sabon abu tun kafin a kashe kuɗin tacewa.

Ƙasar wa, ribar wa?

Kafin a fara ɗiba, akwai tambayar da tarihi ya nuna cewa bai kamata a bari sai daga baya ba. A 1949 wani likita ɗan ƙasar Filifin, Abelardo Aguilar, ya aika wa kamfanin da yake yi wa aiki a Amurka ƙasa daga lardin Iloilo. Daga cikinta aka samo eritiromaisin, wanda ake sha a duk duniya. Ya nemi a ba shi wani kaso, har ya rasu a 1993 bai samu ba. A Kenya, bakteriyar da aka ɗebo daga tafkunan kanwa ta ba da sinadaran da aka yi amfani da su a masana'antar wandon jins, kuma sai a 2004 hukumar kula da namun dajin ƙasar ta tashi neman haƙƙi.

Omura kuwa yarjejeniya ya ƙulla da Merck tun kafin a sami komai. Kuɗin da suka biyo baya sun shiga Cibiyar Kitasato, har aka gina asibiti da su. Bambancin yana ga takardar da aka sa wa hannu da farko.

Saboda irin wannan ne aka cim ma Yarjejeniyar Nagoya a 2010, wadda ta fara aiki a 2014. Ta tanadi cewa ba a ɗaukar halittar wata ƙasa don bincike ko kasuwanci sai da izininta, da kuma yarjejeniyar yadda za a raba amfani. A watan Yunin 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata yarjejeniyar kan tsakiyar teku, inda babu ƙasar da ke da iko, kuma rabon amfanin halittun wurin na cikin batutuwan da aka fi jayayya a kai. Yanzu ma ba sai an fita da ƙasa a leda ba, domin bayanan ƙwayoyin gado kan tsallake iyaka ta intanet cikin daƙiƙa. Don haka duk wata jami'a ko gwamnatin jiha da za ta shiga haɗin gwiwa da baƙi, ya kamata a rubuta wurin da aka ɗebi samfur, a ajiye kwafinsa a gida, a horar da 'yan gida, masu unguwanni da dagatai da masu gonakin kuma su san abin da ake yi a ƙasarsu.

Kafin sabon ya iso

Ko da gobe aka sami sabon sinadari a lakar Bahamas ko ta Mairuwa, yaron da ke firamare yau zai iya gama jami'a kafin ya zama magani. Abin da ke hannu shi ne abin riƙo, kuma a nan kowane gida na da rawar takawa.

Mura da yawancin tari na sanyi ba bakteriya ke kawo su ba, don haka kafso ba ya yi musu komai sai ƙara wa ƙwayoyin jiki taurin kai. Wanda likita ya rubuta wa magani ya sha shi yadda aka ce, kada ya raba da maƙwabci ko ya ajiye saura don wata rana. Mai kaji ya daina zuba magani a ruwan shansu kullum da sunan rigakafi, domin tsaftar ɗaki da allurar rigakafi ne ke wannan aiki. Makiyayi ya auna allura daidai da nauyin dabba, ya kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a sayar da nono ko a yanka. Manomin masara ya riƙa zagaya gona tun tsutsa na ƙarama, ya fesa a zuciyar shukar da sassafe ko da yamma, ya riƙa sauya dangin magani maimakon sauya sunan kamfani kawai, domin robobi masu suna daban-daban kan ɗauki sinadari ɗaya.

Ita kanta ƙasar tana buƙatar kulawa. Ƙona kara a gona da rashin zuba takin gargajiya na rage abincin waɗannan halittu, zaizayar ƙasa kuma na kwashe saman da suka fi zama a ciki. Gonar da ake mayar wa taki da ruɓaɓɓen ganye, ake kuma juya masara da waken suya ko gyaɗa a cikinta, ita ce ke riƙe su. Manomin da ya yi haka ya gyara amfaninsa na bana, ya kuma bar wa masu bincike na jami'o'in da ke kewaye da shi abin da za su ɗiba ranar da suka zo.